Kabarin Pansik Ya Samu Mai Shi

Ƙanena Ok Pansik ya mallaki kabari tun yana ɗan shekara talatin, a kan tudun bayan gidanmu, daidai inda ake hango teku. Kabari ne mai kyau, da ciyawa a kai, da dutse da aka sassaƙa sunansa. Abin da ke ciki kuwa rigar sanyinsa ce da wani kwanon shinkafa. Shi mai kabarin yana can birnin Busan yana kwana a kan kwali, da ransa da tarinsa, shekara ashirin da ɗoriya. Yau ga shi zaune a tsakar gidana yana gyaran raga, shi ya sa bakina ya ƙi rufuwa, duk wanda na tare sai ya ji labarin nan.

Shi ne auta, shi kaɗai ne namiji bayan mata huɗu. Tun yana yaro ba shi da magana. A tambaye shi abu, sai ya kalli ƙasa ya daɗe, har mai tambayar ya manta abin da ya tambaya. Amma a ba shi inji, to nan bakinsa yake. Yana kasa kunne ya gaya maka inda ke ciwo. Da ya tasa sai ya shiga jirgin kamun kifi na Baba Chu, su bakwai 'yan ƙauyenmu, har da mijina. Pansik ne mai kula da injin.

Wata kaka suka tsaya a wata tasha ta babban yanki, ƙetaren tsibirinmu, don sayar da kifi. Bel ɗin injin ya fara cinyewa, sai Baba Chu ya aike shi cikin gari ya sayo sabo. Shagon farko babu, na biyu a rufe, sai da ya hau mota zuwa gari na gaba. Kafin ya dawo sama ta canza fuska. Baba Chu ya ga gara ya riga hadarin isa gida, ya bar saƙo a wajen mai sayen kifi cewa Pansik ya biyo jirgin fito gobe. Babu wanda ya san da haka a tsibirinmu.

Washegari yana shan miya a wata rumfa, bel ɗin a naɗe cikin takarda a gefensa, rediyo ya ce jirgi ya nutse. Aka karanto sunaye bakwai. Nasa ne na biyar.

Ya ajiye cokali. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: injin ne ya mutu, kuma da yana ciki da bai mutu ba. Ko haka ne ko ba haka ba, babu mai iya faɗa sai teku. Ya ce gobe zai tafi gida. Goben ta zo, ya tsaya a bakin tasha yana kallo jirgin fito ya tashi. Gida shida ke jiransa da tambaya, a ciki har da na yayarsa mai goyo. Da wane ido zai kalle su?

Da ya iya ɗaga ƙafa, sai ya sauka ta ɗaya gefen tsibirin, ya haura dutse ta cikin itatuwa. Daga can sama ya hango ƙauyen duka a bakin ruwa. Ranar ce 'yar bori ta zo kiran kurwar waɗanda teku ya ci. An ɗaure kwanonin shinkafa bakwai da farin ƙyalle mai tsawo, ana jefawa cikin ruwa ana janyowa, don kurwar kowa ta shiga kwanonsa a samu abin binnewa. Ya ga an miƙa wa uwarmu nasa. Ya ga ta rungume shi a ƙirji, ya ga matan sauran sun riƙe ta, ita ma ta riƙe su, kuka ɗaya suke yi babu mai fin wani. Ya duba tudu, ramuka bakwai a jere.

Ya ce a ransa, in na sauka yanzu, mace ɗaya za ta yi guɗa a tsakiyar mata shida. Sai ya juya.

A Busan ba a tambayar mai ɗaukar kaya sunan ubansa. Ya yi dakon ƙanƙara a kasuwar kifi, ya yi sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, yana kwana a ɗakunan haya masu faɗin tabarma ɗaya. Da bayansa ya ƙi, aiki ya ƙi, ɗaki ma ya ƙi. Sai ya gangara hanyar ƙarƙashin ƙasa ta kusa da tashar jirgin ƙasa, inda irinsu suke shimfiɗa kwali. Ba wanda ya san sunansa a can. Bakanike suke ce masa, don in tayar amalanke ta karkace ko fankar wata mai abinci ta tsaya, shi ake nema.

A nan ya haɗu da Maeng Dalho. Shi Dalho a gidan marayu ya tashi, sunan ma su suka laƙaba masa. Ya yi aiki a kamfanin takalma har aka rufe. Haƙori ɗaya ya rage masa a gaba, amma surutunsa ya ishi mai talatin da biyu. Ranar farko ya tambayi shekarun Pansik, ya ƙirga da yatsu, ya buga cinya.

"Na ba ka shekara guda cur. Daga yau Yaya za ka ce mini."

"Kai da ba ka san ranar haihuwarka ba?"

"Shi ya sa na zaɓi wadda ta fi taka. Kama amalanken nan, ƙaramin yaro."

Haka suka zama abokan tara kwali. Pansik na ja, Dalho na turawa da baki. In sun sayar sun samu na kwano ɗaya, su je wajen Inna Pyo mai miyar kifi, ta zuba musu ɗaya ta kawo cokali biyu da ɗan kimci, kabejin nan mai tsami da yaji, tana yi tana zagi.

"Ku matsa can ƙurya, kuna kore mini masu ciniki. Kai Dalho, yaushe rabonka da ruwa?"

"Inna, ruwan sama na shekaranjiya fa? Har bayan kunne na cuɗa."

"Tsohon banza. Ungo ƙarin kimci, ka rufe mini baki."

Dalho kaɗai Pansik ya taɓa gaya wa maganar kabarin. Wata rana ce da la'asar, suna zaune a bakin gada suna jiran mai awon kwali. Dalho ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba, sannan ya kwashe da dariya har da tari.

"Kai! Ashe da attajiri nake yawo ban sani ba. Fili mai kallon teku! Kuma ana kai maka abinci?"

"Yayata ba za ta fasa ba. Duk shekara, ranar da jirgin ya nutse."

"Kana nan kana lasar cokalin Inna Pyo, can ana jera maka kifi da 'ya'yan itace. Wa ke cinyewa?"

"Hankaki."

"Hankakin garinku ya fi ni gata."

Ya faɗa da wasa, amma ba wasa ba ne. Dalho ba ya tsoron sanyi, ba ya tsoron 'yan sanda, abu ɗaya yake tsoro. Ya taɓa bin motar da ta ɗauki wani abokinsu da ya mutu ba dangi, don ya ga inda ake kai su. Babu zaman makoki, babu hoto, babu mai zuba ko kofi ɗaya. Daga ɗakin sanyi sai wajen ƙonawa, daga nan a sa tokar a akwati a jera a kanta cikin wani ɗaki, a ja ƙofa a kulle. Tun daga ranar in ya sha ya fara maganar.

"Wanda ya mutu a titi ba mai kiran sunansa, yawo kurwarsa take yi da yunwa, ƙofa ƙofa. Bakanike, na yi yunwa da rai, in kuma je in yi ta a mace? Ai an cuce ni."

Ana nan sai tsohon wanzamin unguwar ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba sa son shagon, sun bai wa unguwa a yi wa mutanen titi wani abu da shi. Kwamitin unguwa ya kira taro. Shugaban kwamitin, Malam Bong mai kantin magani, mutum ne mai son a yi abu bisa tsari, shi ya ce a kira masu kwana a ƙarƙashin ƙasan su ma su faɗi nasu. Suka zo su goma sha wani abu, suka tsaya a baya jikin bango, ko da yake ga kujeru.

Matan coci suka ce a yi wajen dafa abinci. Inna Pyo ta ce abinci ba shi ne matsala ba, akwai masu rabawa a wuri uku, har zaɓe suke yi. Mai shagon waya ya ce wajen wanka, kuma a faɗi gaskiya, wari ne ya raba mutanen nan da jama'a, ko ɗan aikin gadi ba mai ɗaukar wanda ya shigo da wannan tsami. Wani daga baya ya ce shi akwatin ajiya yake so mai makulli, don sau uku ana kwashe masa bargo in ya tafi nema. Wani ya ce inda za a shanya safa. Wani tsoho ya ce a samo mai cire haƙori.

Dalho ya ɗaga hannu. A lokacin ya riga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ranka ya daɗe, ni ɗakin kwana nake so. Na kwana ɗaya tak. Amma sai na mutu."

Aka yi dariya, an ɗauka irin tasa ce. Shi ma ya yi, ya koma jikin bango. Sai aka ji wata murya da yawancinsu ba su taɓa ji ba.

"Ba wasa yake ba."

Kowa ya waiga. Pansik ne, hularsa a hannu, idonsa a ƙasa.

"Bana mutum huɗu aka ɗauka a cikinmu. Ba wanda aka kunna wa turare. Muna kwance kusa da mutum shekara da shekaru, a zo a naɗe shi a tafi, ko durƙusa masa ba mu yi ba. Ba a kan mamacin kaɗai ba ne. Mu da muka rage, kowa ya ga yadda za a yi da shi. In mutum ya san haka zai ƙare, ko an ba shi sabulu ba zai ga dalilin wanka ba."

Malam Bong ya cire tabarau ya goge.

"Na ji ka, Bakanike, kuma maganarka ta shige ni. Amma shago ɗaya ne. Rabin masu zuwa kantina daga cikinku ciwon ƙafa ne ke kawo su, ƙafa tana ruɓewa don ba a wanke ta. Wanda ya tafi ya tafi. A fara da masu rai."

Aka ce a ɗaga hannu. Wanka ya ci da nisa, har da hannun mutanen jikin bango. Pansik bai ji haushin kowa ba, don shi ma ƙafarsa ta san gaskiyar Malam Bong. A hanyar komawa Dalho ya dafa kafaɗarsa.

"Ashe kana da baki? Shekara nawa kana ɓoye mini. To tunda sun hana, kai ka ba ni aron naka. Kana da kabari kana barin hankaki na ci."

"Ɗauka."

"Da gaske?"

"Na ce ɗauka, Yaya."

Ran nan ne karo na farko da ya kira shi Yaya ba tare da an matsa masa ba. Dalho ya share hanci da hannun riga, ya ce iskar nan tana sa mutum hawaye.

Sanyi ya wuce, itatuwa suka fara fure. Wata rana da hantsi sun tara kwali rabin amalanke, Dalho ya ce bari ya ɗan sha rana a benci, ƙaramin yaro ya ƙarasa layin. Pansik ya zaga ya dawo, ya same shi yadda ya bar shi, kai a jingine, baki a ɗan buɗe kamar zai faɗi wata magana. Ya taɓa hannunsa, ya ji sanyi ƙalau, rai ya yi halinsa. Ya zauna kusa da shi ya daɗe kafin ya kira mutane.

Hukuma ta yi cigiyar dangi kamar yadda aka saba, ba wanda ya zo, dama wa zai zo? Pansik ya je ofishin ya ce shi zai karɓe shi. Ma'aikaciyar ta yi masa magana da ladabi, ta ce ana iya bai wa wanda ba dangi ba, amma sai mai katin shaida. Pansik kuwa a wajen hukuma ya daɗe da mutuwa. Ya fito ya nufi rumfar Inna Pyo, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Mene ne ka tsaya mini kamar turke? Shigo ka ci."

"Inna, sunanki nake so ki ara mini."

Ta ji bayani, ta kashe wuta, ta cire gyalen aiki.

"Da ransa ya cinye mini kimci, ya mutu kuma zai ci sunana. Mu je."

Daga ofis ba ta koma rumfa ba, kantin magani ta wuce, ta tsaya a gaban Malam Bong ta miƙa hannu.

"Makullin shagon wanzami."

"Inna, an riga an yanke magana. Jibi magina za su fara."

"Na ce a fasa ne? Jibi ka ce. Gobe fa, na wa ne?"

Ya kalle ta, ya kalli Pansik a bayanta, ya jawo aljihun tebur.

A cikin tulin tayil da buhunan siminti aka yi zaman makokin Maeng Dalho. Suka kifa akwatin kifi suka rufe da farar takarda. Hoto ya so ya gagara, sai wata matar coci ta tuna akwai wanda suka ɗauka ranar rabon abinci. Aka yanko kansa daga cikin taron aka faɗaɗa. Ga shi nan kumatu cike da shinkafa, haƙorin nan ɗaya a waje. Duk wanda ya shigo ya durƙusa, in ya ɗago ya haɗa ido da hoton, sai dariya ta kama shi, daga nan ta juye kuka.

Mai wankin kaya ya ara wa Pansik baƙar kwat, aka ɗaura masa ƙyallen mai karɓar gaisuwa a damtse. Ya tsaya a gefen hoton tun safe. Mutanen ƙarƙashin ƙasa suka zo ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya ba kowa mamaki, kusan duk sun je famfon tasha sun wanke fuska da ƙafa da ruwan sanyi kafin su zo. Kowa ya kunna turaren tsinke, ya zuba kofin giyar soju, ya durƙusa wa Dalho sau biyu, ya juyo ya durƙusa wa Pansik. Tsohon nan mai son a cire masa haƙori ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Bakanike, in tawa ta zo, kai za ka tsaya?"

"In ina nan."

Da yamma Malam Bong ya rufe kanti ya zo, ya durƙusa kamar kowa. Da zai fita ya ce wa Inna Pyo, murya ƙasa ƙasa, wanka dai wanka za a yi, amma zai gaya wa magina kada su toshe ɗan lungun baya, a bar shi haka nan don irin wannan zama, a ga abin da kwamiti zai ce.

Bayan an ƙona gawar, aka miƙo akwatin toka naɗe da farin ƙyalle, da sauran ɗuminsa. Inna Pyo ta ce to yanzu sai ina, ita dai ba ta da tudu. Pansik ya ce yana da wuri. Ta buɗe baki za ta tambaya, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta ƙunsa masa shinkafa a ganyen teku ta cusa masa a aljihun kwat.

Sau biyu Pansik yana fita daga layin shiga jirgin fito. Ya koma ya zauna a benci, akwatin a cinya. Babu abin da ya canza, gidajen nan shida suna nan inda ya bar su, an ma ƙara musu shekara ashirin na ƙarya. Da shi kaɗai ne da ya juya kamar wancan karon. Amma in ya juya, ina zai kai Dalho? Ƙarƙashin ƙasa, ya yi matashin kai da shi? Jirgi na uku ya yi ƙaho, ya tashi ya shiga.

Wannan karon ta gaba ya sauka. Ƙauyen ya tsufa, gidaje da yawa a kulle, ba yara a hanya. Ya haura layinmu a hankali. A tsakar gidan da aka haife shi ya hango wata tsohuwa mai furfura ta duƙa tana baza ƙananan kifi a kan raga. Tsohuwar nan ni ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya."

Na ɗago na ga mutum da baƙar kwat, da akwatin mamaci a hannu, da fuskar ubanmu sak. Kwanon gishiri na kusa, na dumbuza na watsa masa yadda muke korar fatalwa, na sake dumbuza na watsa.

"Koma! Me ban ba ka ba? Wace shekara na fasa? Koma inda kake, Pansik, kada ka tsorata ni!"

Gishirin ya shiga masa ido. Ya kasa sakin akwatin ya murza, sai ya tsaya yana ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba, ya yi atishawa. Fatalwa dai ba ta atishawa. Na matsa na kama kunnensa, da ɗumi. Daga nan ban san sau nawa na dake shi ba. Ya sunkuya a kan akwatin ya ba ni baya, ina duka ina kiran sunansa, har hannuna ya gaji na zube na rungume ƙafarsa.

Da muka samu numfashi ya faɗa mini komai, kansa a ƙasa. Ya tambayi uwarmu. Na nuna masa tudu. Ta daɗe da tafiya, kuma har ta mutu kullum sai ta haura ta cire ciyawa a kabarinsa. Ya kifa goshi a dandamali, bai yi sauti ba, kafaɗunsa kawai ke rawa. Na bar shi ya yi. Can na tambaye shi abin da ke raina.

"Uban yaran nan, da za ka sauka, ya ce wani abu?"

"Ya ce in yi sauri."

Shi ke nan abin da ya ce. Na daɗe ina juya ta.

Sannan ya tura akwatin gabana ya ce wannan yayansa ne, Maeng Dalho, ba shi da kowa, kuma ya yi masa alkawarin kabarin.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauye. Dattawan da suka rage suka taru a tsakar gidana. Ba su san ko su yi murna ko su yi faɗa ba, sai suka kama maganar kabari. Wai ba a sa baƙo a tudun dangi, ƙashin da ba naka ba yana jawo wa gida ciwo. Ana cikin haka sai ga matar Baba Chu da sanda, ita kaɗai ta rage cikin matan shida ban da ni, idonta ya kusa tafiya. Aka buɗa mata. Pansik ya zube a gabanta. Ta laluba fuskarsa da hannu biyu, goshi, hanci, haɓa.

"Kai ne mai injin?"

"Ni ne, Inna. Ku yafe mini."

"Tsohon nan ne ya tafi ya bar ka, ko? Haka yake, ko ni ba ya jira in sa takalmi." Ta saki fuskarsa. "Da ka sauko ran nan, da na tsane ka, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara ɗaya, ko biyu. Daga nan da na samu mai gyara mini rufi. Wawa kawai."

Ta juya wajen dattawan ta ce su ramukan can bakwai duk babu kowa a ciki, ita ta sani su ma sun sani, in an samu mutum ɗaya na gaske ya kwanta a tsakaninsu ai sai ya riƙa ba su labarin birni. Ni kuma na ce tudun na ubana ne, kuma na gaji da dafa wa hankaki.

Washegari da safe muka haura. Pansik ne ya haƙa da kansa. Rigar ta zama ƙasa, kwanon yana nan ya yi baƙi. Ya ciro shi, ya sa Dalho, ya mayar da ƙasa, ya jera ciyawar a kai yana dannawa da tafin hannu. Dutsen muka kwantar da shi a gefe kafin mai sassaƙa ya zo daga babban yanki. Ya zuba kofi, ya durƙusa sau biyu, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya, ga fili mai kallon teku. Abincin gidan nan da gishiri, sai ka yi haƙuri."

Da muka sauko na shiga kicin na dafa duk abin da ke gidan, kifi uku, miya biyu, har kazar da nake tanadi. Na ɗauko kwanonsa na cika da shinkafa har ta yi tozo, na ajiye a gabansa, na soka cokali a tsakiya a tsaye. Mamaci ake yi wa haka, kuma shekara ashirin da ɗoriya ta haka kaɗai nake ba shi abinci, hannuna bai san wata hanya ba. Muka tsaya muna kallon cokalin mu biyu. Na kai hannu da sauri zan cire, ya riga ni. Ya zare shi, ya ɗebo shinkafa, ya kai baki.

Ya cinye, na ƙara masa. Ya ce sati mai zuwa zai leƙa Busan ya mayar da kwat ɗin mutane, kuma akwai wani tsoho da ya yi wa magana. Na ce ya je, amma tare za mu, don ni ba na sake tsayawa a bakin ruwa ina jiran kowa.